Tumunin Haulatu

A bayan gidan Audi mai babbaka, a Mai'aduwa, akwai wani ɗan fili da rami a tsakiyarsa. Nan yake babbake kawuna da ƙafafun shanun da mahauta ke kawo masa. Da tsofaffin tayoyi yake hura wutar, don sun fi itace ci. Ranar kasuwa hayaƙin kan turnuƙe baƙi ƙirin ya rufe unguwa, tokarsa ta sauka a randa, a shanyar gero, har cikin hancin jarirai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a tari ya kama Audi. A asibitin Daura likita ya ce hayaƙin ya gama da huhunsa. Bai ga damina ba, Allah ya ji ƙansa.

Matarsa Haulatu tana takaba, ƙaninsa Mati ya ci gaba da hura ramin. Tana daga ɗaki tana jin Raihana, 'yarsu tilo, ta fara irin tarin uban, ƙirjinta har fito yake.

Da ta fita takaba aka zauna rabon gado a zaure. Malam Suhaibu ya ce rabi na Raihana, tumuni na Haulatu, saura na Mati. Kowa ya ɗauka awakin da Audi ya bari Haulatu za ta karɓa, don har da masu ciki.

Daga bayan ƙofa ta ce, "Allah gafarta Malam, filin ramin zai kai tumunina?"

"Da kyar ma zai kai. Ƙasar ta ƙone, ko kuɓewa ba za ta fito ba."

"Shi nake so."

Mati ya yi dariya. "Matar yaya, babbakar za ki kama? Sai in riƙa kawo miki taya."

"Kawo, ka ga inda zan rataya maka ita."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce sana'ar gidansu ce tun kakanni.

"Kakanninku da kara suka yi," in ji ta. "Taya ta ci yayanka ina kallo. Ba za ta ci mini yarinya ba."

Malam ya tambaye ta har sau biyu ko ta san awakin sun fi. Ta ce ta sani. Aka shaida.

Mati ya kwashe awakin, ya zaga unguwa neman inda zai haƙa sabon rami. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai filinsa da magana a kai. Dole ya koma can bayan gari, hanyar daji.

Haulatu ba ta ɗauki lebura ba. Da kwano ta riƙa ɗebo ƙasa tana zubawa a ramin. Da matan maƙwabta suka leƙo suka gani, kowacce ta fito da nata. Raihana ma ta ɗauko murfin tukunya, tana kai da kawowa a guje.

"Ke, bi a hankali!" in ji Maijidda maƙwabciyarsu.

Haulatu ta sauke kwanon, ta tsaya tana kallon yarinyar.

"Ƙyale ta," ta ce. "Ta yi gudunta."