Shirun Anti Aminatu

Nu'uman mai gyaran rediyo da talabijin yana da ɗan shago a bakin hanyar Rijau, cikin Kontagora. 'Yarsa Karima shekararta shida, kuma tana da in'ina. Kalma takan maƙale mata, ta yi ta fama har fuskarta ta yamutse, kafin ta fito wani ya riga ya ƙarasa mata. Mahaifiyarta Larai takan ƙarasa mata don tausayi, yaran gida don gaggawa, shi kuwa Nu'uman don ba ya iya kallon wahalar. Da haka da haka yarinya ta daina gwadawa, sai nuni da yatsa.

Bara an kai ta firamare, malama ta tambaye ta sunanta sau biyu ba ta amsa ba, aka ce a dawo da ita baɗi. To ga lokacin ya zo, ranar Litinin za a ɗauki sababbin ɗalibai. Larai ta ce in aka sake maido ta, gara a kai ta Salka wajen kakarta ta huta da dariyar yaran unguwa. Nu'uman kuwa tuwon ranar bai shige shi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tafi da ita shago. Ya gama gyaran wata tsohuwar talabijin ta wani mai shayi, ya jona ta don gwaji, ya juya eriya har tashar gwamnati ta fito. Shirin yara ake yi. Wata mata mai faffaɗan murmushi, wai ita Anti Aminatu, tana zaune a kan tabarma da kwando a gabanta.

"Yara, mangwaro nawa ne a kwandon nan?" in ji ta.

Sai sauti ya ɗauke.

Nu'uman ya yi tsaki. Ya ɗauka sifikar ce ta sake mutuwa, bayan duk darmar da ya zuba mata. Ya bubbuga gefen akwatin, ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba, sai ya ji wata 'yar murya a bayansa.

"Bi... bi... bi... biyar."

"Madalla! Biyar ne," in ji Anti Aminatu, har da tafi.

Hannunsa ya tsaya a inda yake. Bai juya ba, don kada ya tsinka abin. Ashe sifika lafiyarta lau. Matar ce ta yi shiru da gangan, tana fuskantar masu kallo, kanta a ɗan karkace kamar mai sauraro. Ta sake tambaya, wace dabba ce wannan, ta sake yin shiru. Nu'uman ya zuba wa agogon bango ido, tsinken daƙiƙa ya motsa sau takwas kafin matar ta sake magana. A na bakwai Karima ta ce akuya.

Shekara goma sha ɗaya yana buɗe cikin talabijin, ya san kowace waya da inda ta nufa, ya san babu kunne a ciki. Matar ba ta jin Karima, ba ta ma san an haife ta ba. Amma wani a can Minna ko Abuja ya zauna ya yi tunanin cewa akwai yaron da ke bukatar lokaci, ya bar masa gurbi. "Ikon Allah," ya faɗa a hankali.

Da suka koma gida ya zaunar da ita a kan turmi, ya durƙusa a gabanta.

"Uwata, me kika gani a talabijin yau?"

"Ma... ma..."

"Mangwaro," in ji Larai daga bakin murhu.

"Haba Larai, ke aka tambaya?"

"Au, Baban Karima, yau kuma daga gyaran rediyo an koma gyaran baki?"

"Ki ba ni takwas kawai. Ki ƙirga a zuci."

Ya sake tambaya. Bai taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba, kalmar tana kan leɓensa tana neman kuɓucewa. Ya cije. Karima ta ce mangwaro, ta ƙara da cewa ɗaya ɗanye ne. Larai ta ajiye muciya, ta daɗe tana kallon 'yarta.

Ranar Litinin layi ya yi tsawo a gindin darbejiyar makaranta. Da aka zo kansu, Nu'uman ya gaida Malama Fa'iza mai rubuta sunaye, ya ce, "Malama, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki tambaye ta sau ɗaya, sannan ki jira."

Malama ta dube shi, ta dubi layin, sannan ta ajiye biro.

"'Yan mata, yaya sunanki?"

Wani a baya ya ce rana fa tana yi. Nu'uman ya ji ƙirgensa ya wuce takwas, ya kai goma sha ɗaya. Malama ba ta motsa ba.

"Ka... Ka... Karima Nu'uman."

Malama Fa'iza ta ɗauki bironta ta rubuta, ta nuna mata ƙofar aji ɗaya.