Buhun Siminti a Kan Katako

...kuma dai amsar ta ƙi zama. Fanna na cikin keke daga Bukan Sidi zuwa makaranta, a matse kusa da wata mai kwandon lemo, lissafin jiya na juyawa a kanta. Katako ɗaya a kan ginshiƙi biyu, nauyi ya karkata gefe guda — wane ginshiƙi ya fi ɗauka? Abu kamar wasa. Amma wannan kwas ɗin ne ya kayar da ita bara, yau kuma jarrabawarsa, in ta sake faɗuwa 'yan ajinsu na injiniya su wuce su bar ta...

Bara hadda ta yi, kamar waƙa. Malam ya ɗan juya tambaya, shi ke nan, kai ya ɗauki zafi. Bana kuwa akwai Wandoo, abokiyar karatunta, wadda Hausarta ba ta nuna ba, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta: "Fanna, ka ajiye kalkuleta, ka zana shi tukuna." Gindin mangwaro bayan laburare suke haɗuwa da wasu 'yan ajinsu, kowa ya koya wa sauran tambaya guda, wanda ya kasa bayani ya sayi zoɓo. Ta sayi zoɓo har mai zoɓon ta san sunanta... amma jiya ita ce a gaba, alli a hannu, har tafi aka yi mata. Sai dai amsarta da ta bayan littafi ba su haɗu ba, ta ce musu littafin ne ya yi kuskure. Ai littafi ma yana kuskure... ko ba ya yi?

Cunkoso, keke ya tsaya. Gaban wani sabon gini leburori biyu na ɗauke da buhun siminti a kan katako, buhun ya zame wajen na gaba — ga shi yana nishi, na bayan kuwa har waya yake amsawa. Dariya ta kuɓuce mata. To dama wanda ya fi kusa da nauyin ai shi ne...

Tsaya. Jiya wa ta ba babban kaso? Na nesa. Tsawon biyun ta musanya, wannan a gurbin wancan. Ashe littafin na da gaskiya. Daɗi ya cika ta, yanzu ta gane, ko ta ina malam ya ɓullo —

Su Wandoo fa? Munir, ɗan ajinsu, har cewa ya yi hanyarta ta fi sauƙi, ya kwafe tsaf. Duk a juye suka tafi da hanyar gida. Ga ƙofar makaranta can, ana ta shiga, keken bai motsa ba... ta sauka ta ruga? In ta same su, da me za ta fara, da ban haƙuri ko da —