Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Kaf layin teloli babu wanda bai san Rediyo ba. Kafin ka ji ƙarar keken ɗinkinsa ka ji muryarsa, yana gyara duniya da baki. Matarsa ta sha tambayarsa, "Maigida, wai bakin nan ba ya gajiya ne?" Sai ya ce, "Gimbiya, ai shi kaɗai na gada wanda ba ya cutar da ni."

Ɗayan gadon kuwa jininsa ne, daga dangin uwa: in ya fara zuba, tsayawarsa sai an sha fama. Haƙori aka cire wa kawunsa a bakin kasuwa, jini ya ɓalle, shi ke nan. Shi ya sa da matauninsa ya ruɓe, bawan Allahn nan ya ɓoye. Amma wa zai ɓoye wa matar da ke zuba masa abinci? Ta ga yana tauna da gefe ɗaya kamar akuya, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitan jini da likitar haƙori suka yi shawara, suka sa rana. Da safe aka yi masa allurar da ke taimaka wa jini daskarewa. Likitar ta cire haƙorin a hankali, ta cusa wani ɗan soso a gurbin, ta ɗinke, ta ɗora auduga.

"Baba, ka cije sosai," in ji ta. "Ba magana, ba tofi, ba tsotsa, sai na dawo. Mama, ke ce 'yar sanda."

"Yau kam addu'ata ta karɓu," in ji matar tana dariya. Rediyo ya galla mata harara.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka da warin magani. Ta hango ja-ja a gefen audugar. Ashe haka gidan zai zama in jinin nan ya ƙi tsayawa? Wallahi tsoro ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Shi ma ya ƙura wa fanka ido, hannunsa a kan gwiwa, ta san kawunsa yake tunawa.

Ita ba mai surutu ba ce, amma ta ja kujera ta kama hannun nan, ta ɗauko labarin da ya gundure ta da shi shekara da shekaru.

"Ka tuna wani tela marar kunya da na kai wa ɗinki? Ya matse min riga da gangan don in dawo. Shuɗiyar rigar nan."

Ido ya zaro. Ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa.

"Kul! Cije abinka. Shuɗiya ce, na ce."

Ya yi gurnani ta hanci, ya nuna labule, ya nuna bango yana neman kalar, ita kuwa ta ci gaba da ɓata masa labari son ranta. Ta canza ranar, ta canza shagon, har ta ce shi ya fara jin kunya. Haushi ya sa ya manta da tsoro.

Da likitar ta dawo, ta zare audugar ta haska fitila. Sannan ta ɗago ta ce:

"Ya tsaya. Ga gudan jini ya zauna daram. Sai a kula da maganin kurkura, ban da abu mai zafi, gobe ku dawo in duba. Magana kuma kaɗan-kaɗan, Baba."

Rediyo ya juyo da kumburarren kumatu, da ƙyar ya motsa leɓe.

"Koriya ce."

Hawaye suka zubo mata. "Na sani, maigida," ta ce. "Tana nan a ƙasan akwati. Faɗa min sauran."