Ƙugiyar da Baba Ya Saka

Sati uku ke nan ba ta ga amsa ko ɗaya a akwatin imel na ɗan kamfaninta na shirya littattafai ba. Saƙo yana fita lafiya lau, amma dawowa sai dai a mafarki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙamus ɗin mahaifinta, aikin shekara talatin, wanda wata babbar maɗaba'a ta ce za ta duba ta ba da amsa kafin ƙarshen wata. Ga wata ya ƙare tun shekaranjiya.

Ta kira kamfanin da ke riƙe musu adireshin, suka ce komai kalau yake a wajensu, kamar yadda suka saba cewa. Dole ta nemo mai gyara, wani mutum mai furfura da ba ya son surutu. Ya zauna a teburinta ya ture kofin shayi gefe, ya aika wa kansa saƙo daga kwamfutarta. Ya shiga wayarsa nan take. Ya danna amsa, amsar ta dawo masa da cewa babu adireshin.

Ya matso da fuskarsa jikin allon.

"Hajiya, ya sunan kamfaninku?"

"Ƙyalli."

"A adireshi fa?"

"Kyalli, da k ta Turanci. Haka aka yi rajista."

Ya nuna mata wurin da ake rubuta inda amsa za ta koma. Ga ƙ nan zaune da ƙugiyarta, tsaf. Duk wanda ya amsa mata tun sati uku, ya aika ne gidan da babu shi a duniya.

Mutum ɗaya ne yake taɓa kwamfutar nan bayan ita, kuma ga shi can bakin taga a kujerarsa, yana bin jarida da jan biro.

"Baba, kun taɓa wani abu a nan?"

"Na gyara miki kuskure," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Kina sayar da littafin Hausa, sunanki ba ƙugiya? Har na yi mamakin ba ki lura ba."

Ta ɗauki waya ta kira maɗaba'ar, ga ɗakin ƙarami, kowa na jin muryar matar da ta ɗauka. Matar ta ce ai sun karɓi ƙamus ɗin tun tuni. Sau uku suna rubutowa suna neman a tabbatar, saƙon na dawowa, har suka ɗauka an fasa. Sun ba wani littafin gurbin, sai kuma nan da shekara biyu.

Baba yana da shekara tamanin da ɗaya. Ta yi wannan tunanin, ta kuma san shi ma shi yake yi.

Ya ninke jaridar a hankali, ya taso yana dafa teburi. Mai gyara ya miƙa hannu zai goge harafin, Baba ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bari," ya ce. "Ni zan cire. Nuna mini inda zan danna."