Dashen Gwamnati Cikin Leda

Zaizaya na cin gonata duk damina, sai ga malamin gona, wai gwamnati za ta dasa mini itatuwa su riƙe ƙasa. Amma da ledarsu aka binne su, aka ɗauki hoto.

Na ce, "Ɗan nan, saiwar ta ina za ta fita?"

Ya ce, "Iya, bari kawai, gobe zan dawo dubawa."

Dubawa, ko kwashewa zuwa gonar gaba a sake hoto? Shi da mutanensa suna tafiya na tone itatuwan, na yage ledojin, na mayar.

Washegari ya iso da mota, bayanta fayau. Ya ja bishiya guda, saiwa ta fito tsirara, ba ta ɗaukuwa. Na miƙa masa bokiti.

"Mayar da ita, ɗana. Rafi na can gangare."