Shaidar da Ta Zo da Wuri

Kerryn ta isa Dysart ranar Talata da hantsi, bayan tuƙin awa uku daga Mackay. Ta kama ɗaki na tara a otal ɗin da ke bayan gidan mai, ta ce wa matar da ke kan tebur tallar maganin shanu ce ta kawo ta. Matar, Madam Zammit, ta miƙa mata makulli ba tare da ta ɗago kai ba. Kerryn ta ajiye motarta a gaban ɗaki na huɗu, ta ja jakarta da ƙafa zuwa na tara. Ba ta taɓa ajiye mota a ƙofar ɗakin da take kwana ba.

Shekara shida ke nan tana zagaya garuruwan masu haƙar kwal. Mace ce mai zaman kanta, kuma a Queensland sana'ar ba laifi ba ce muddin mace ita kaɗai take aiki. Biyu a wuri ɗaya laifi ne. Ko sanar da wata 'yar sana'a inda kike da lokacin da za ki gama, doka na iya kama ku. Don haka wani shafi na intanet ne ya riƙa tsaron su duk shekarun nan. A nan suke talla. A bayansa kuma akwai zauren da su kaɗai ke shiga, inda ake rubuta lambar duk namijin da ya taɓa duka, ko ya cire kororon roba, ko ya ƙi fita. Mace ta sa lamba, tarihin mutum ya fito.

A watan Afrilu Amurka ta yi dokar yaƙi da fataucin mutane, wadda ta ɗora wa masu shafuka alhakin abin da ake wallafawa a kansu. Shafin nasu a can yake zaune. Cikin mako guda masu shi suka rufe shi, da tallan, da zauren, da lambobin da aka shekara tara ana tarawa. Ba a ba kowa lokacin kwafa ba.

Da sha biyu saƙo ya shigo wayarta ta aiki. Wani ne mai suna Wade, ya ga tallarta a wani sabon shafi, yana son zuwa da ƙarfe biyu. Kerryn ta nemi shaida, kamar yadda aka saba yi wa kowane sabon baƙo: ya kawo wata 'yar sana'a da ya taɓa zuwa wurinta. A da, cikin zauren ake neman matar, a ga shekarunta a wurin da waɗanda suka san ta. Yanzu sai dai lambar da ya bayar. Ya ce sunanta Bree.

Kerryn ta tura tambaya. Cikin minti biyu amsa ta zo: “Wade? Mutumin kirki ne, ga tsafta, ba ya neman rigima. Karɓe shi hankali kwance, 'yar uwa.”

Kwana biyar ke nan wayarta ba ta kawo aiki ba. Ta ba shi sunan otal ɗin, ta ce idan ya iso za ta faɗa masa lambar ɗaki.

Biyu saura ashirin ta ɗauki ɗaya wayar, tata ta gida, ta kira Glenys a Rockhampton. Glenys ta girme ta da shekara ashirin, ita ta koya mata aikin. Ba sa rubuta wa juna irin wannan maganar, da baki suke yi.

“Mai maganin shanu,” in ji Glenys. “Shanun sun fito kiwo kuwa?”

“Ɗaya ya fito, Yaya. Biyu zuwa uku. In ban kira ki uku da kwata ba, kin san sauran.”

“Tsoho ne ko sabo?”

“Sabo. Amma yana da shaida. Wata Bree.”

“Bree ta ina?”

“Oho. Ta dai yabe shi, har da cewa yana da tsafta.”

“A Dysart? To ki aure shi mana.” Glenys ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, “Me ta tambaye ki?”

“Wa?”

“Bree ɗin. Kafin ta ba ki amsa, me ta tambaye ki?”

Kerryn ta jawo wayar aikin ta sake duba saƙon. “Ba ta tambaye ni komai ba.”

Ana jin rediyo yana magana a kicin ɗin Glenys, sai aka kashe shi.

“Ke 'yar nan. Yau wata lamba da ba ki sani ba ta tambaye ki labarin baƙonki, me za ki fara cewa?”

Kerryn ta san amsar. Wace ce ke? Ina tallarki? Wa ya san ki? Mai tambayar na iya zama matar mutumin, ko 'yar sanda. Ba wata 'yar sana'a da za ta amsa cewa ta ma san namiji kafin ta tabbatar da wadda take magana da ita. Ita kanta ta sha barin mata suna jira rabin yini.

“Wataƙila sabuwa ce,” ta ce.

“Wataƙila. Kira ta ki ji muryarta. Ina kan layi.”

Ƙarar taya ta taso a kan tsakuwa. Kerryn ta ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Wata farar a-kori-kura mai tutar ma'aikatan kwal ta shigo harabar, ta tsaya a tsakiya, ba a gaban kowane ɗaki ba. Namiji ne a ciki, da hula da baƙin tabarau, hannunsa na dama riƙe da waya. Saura kwata.

Ta danna lambar Bree a wayar aikin.

Mutumin ya juya ya dubi kujerar da ke gefensa. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauko wata wayar, ya kalle ta tana haske, ya jira ta katse, ya mayar.

“Yaya,” in ji Kerryn. “Yaya, wayar Bree tana motarsa.”

“Sa sarƙar ƙofa. Ya san ɗakin?”

“A'a.”

“To kar ki motsa labulen nan.”

Saƙonsa ya shigo: “Na iso. Na nawa ne?” Ta rubuta cewa ya yi haƙuri, uzuri ya taso, ta riga ta bar gari. Ta ga ya karanta. Ya sauko daga motar ba tare da gaggawa ba. Dogo ne, ya naɗe hannun rigarsa. Ya dubi motocin da ke harabar, guda uku: biyu na kamfani ne masu ƙura har gilas, ɗaya ƙarama ce, shuɗiya, wato ta Kerryn. Ya nufi ɗaki na huɗu ya ƙwanƙwasa. Ya jira. Ya murɗa hannun ƙofar.

Daga nan ya koma na biyar. Kerryn ta ga ya ɗaga wayarsa, ta gane abin da zai yi. Ta cusa wayar aikin ƙarƙashin filo ta danne da gwiwa, tana lalubar maɓallin kashe sauti. Ƙara ɗaya ta tsere kafin ta same shi. Ba ta san ko ta ratsa bango ba.

“Kira 'yan sanda,” Glenys ta ce a kunnenta. “Su ga sunana a wayarki, ni ban damu ba.”

“In ce musu me? Wani yana ƙwanƙwasa ƙofa? Kafin su zo ya gama layin ɗakunan.”

Ya wuce na shida. A na bakwai ya tsaya, ya kara kunne.

Akwai wayar otal a gefen gado. Kerryn ta san abin da zai biyo baya idan ta ɗauka: doka ta ba masu otal damar korar mace idan suka gane sana'arta, kuma masu otal a waɗannan garuruwan suna magana da juna. Ta ɗauka ta danna sifili.

“Madam, ɗaki na tara ce. Akwai wani mutum yana bin ƙofofi yana murɗawa. Ni yake nema.”

“Mijinki ne?”

“A'a.”

“To yaya aka yi ya san kina nan?”

Takunsa ya iso na takwas. Kerryn ta rage murya. “Ni na gaya masa. Ba maganin shanu nake sayarwa ba.”

Madam Zammit ta ajiye wayar.

An ƙwanƙwasa ƙofarta sau uku, a hankali. Inuwar takalmansa ta tare hasken da ke shigowa ta ƙasa. “Na ji ki fa,” ya ce, da murya mai laushi. “Magana kawai za mu yi.” Hannun ƙofar ya juya rabi, ya tsaya.

“Kai! Mai hula!” Muryar Madam Zammit ce daga can bakin ofis. “Ɗakin ubanka ne? Na ɗauki lambar motarka, kuma na san shugabanninku kaf. Fita min daga gida.”

Inuwar ta ɗan jima kafin ta janye. Kerryn ta ji yana cewa abokinsa yake nema, har yana dariya. Motar ta tashi. Ta leƙa: ya fita daga harabar, ya tsallaka titi, ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya yana fuskantar ƙofar otal ɗin. Ya kashe inji.

Madam Zammit ta zo da kanta. Gajeriyar mace ce, da tabarau a rataye a wuya. “Minti goma na ba ki, ki bar min ɗaki,” ta ce.

“Madam, don Allah ki bar ni har ya tafi. Ga shi can yana jira. Ba wanda zan karɓa, na rantse.”

“Kamfani ne ke kama min ɗakunan nan, yarinya. Labari ya kai musu, na rufe.” Ta dubi titi, ta dubi Kerryn. “Zan raka ki har mota. Iyakar abin da zan iya ke nan.”

Tallar Kerryn ba ta taɓa nuna fuskarta ba. Daga ɗaki na tara zuwa gaban na huɗu taku ashirin ne a fili, rana tsaka. Ta yi su da jaka a hannu, Madam Zammit tana gefenta tana ƙoƙarin kare ta da jikin da bai kai kafaɗarta ba. Mutumin ya cire tabarau ya bi ta da ido har ta shiga.

Hanya ɗaya ce ke fita arewa. Ta hau ta, ya biyo ta, ya bar tazarar mota biyar. Ba ya matsowa, ba ya ja da baya. Glenys tana ta magana, tana cewa kar ta tsaya ko taya ta fashe, har layin ya fara yankewa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Hagu da dama ciyawa ce da shinge. Kerryn ta cim ma wata doguwar tirela mai ɗauke da shanu, ta manne a bayanta, ta ƙi wucewa. Kashin shanu yana fantsamo mata a gilas, ba ta sa magogi ba.

Kilomita ashirin da shida ya bi ta. A mararrabar wata mahaƙa ya kunna sigina, ya lanƙwasa.

Ba ta tsaya ba sai a Nebo, a gidan man da manyan motoci ke hutawa. Da layi ya dawo, saƙo ɗaya ne a wayar aikin, daga lambar Bree. An rubuta lambar motarta daidai, harafi da adadi. A ƙasa aka ce: “Kin fi kyau a fili. Ashe 'yar Mackay ce.”

Ta fita ta zagaya bayan motar. A gilas akwai takardar dillalin da ta sayi motar a wurinsa, da sunan garin da na unguwarsu. Shekara huɗu tana nan, ba ta taɓa lura ba.

Ta kira Glenys ta karanta mata lambobin biyu, ta Wade da ta Bree, sau biyu kowace. Glenys ta ce za ta gaya wa waɗanda take da lambarsu. Suka ƙirga su tare, mata biyar ne.

“Kar ki kwana gida yau,” in ji Glenys.

“Na sani.”

Kerryn ta cire layin wayar aikin. Da shi duk tsofaffin baƙinta suka san ta, waɗanda ba sai an nemi shaidarsu ba. Ta karya shi da haƙori, ta jefa a kwandon shara. Sannan ta sa makulli ta kankare takardar dillalin, wadda ta riƙa fita guntu-guntu. Da ta gama ta juya motar ta fuskanci titi, ta kulle ƙofofi, ta zauna tana jiran wata tirelar da za ta bi. Kafin ta zo, fararen a-kori-kura goma sha ɗaya suka wuce, duk da tuta.