Muryoyi Arba'in Ba Sa Hannu

Malamar jinya ta ajiye rikodarta a teburin jami'in da ke taimaka wa malaman jami'a a kan bincikensu. Shekara biyu ta yi tana naɗar muryoyin ɗalibanta arba'in, kowa na ba da labarin ranar da majinyaci ya fara cikawa a hannunsa. Da wannan take fatan a gyara yadda ake koyar da su.

Jami'in ya duba fayil ɗinta, ya sake dubawa.

"Baaba, ina takardun amincewarsu?"

"Na tambaye su, sun ce to."

"Da baki?"

"Shekara talatin ina yi wa mutane allura da 'to' ɗin nan, ɗan nan. Ba wanda ya taɓa kai ni ƙara."

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce kwamitin da ke ba da izinin bincike ba ya karɓar hira sai mai ita ya sa hannu tun kafin ya buɗe baki. Ta jira ranta ya ɓaci, bai ɓaci ba. Idonta na kan wani zare da ya maƙale a fanka yana ta zagayawa.

"Sababbin ɗalibai za su shiga asibiti wata mai zuwa," in ji shi. "Zan taya ki tsara takardar amincewar, ki sake farawa da su."

"Muryoyin nan arba'in fa?"

"Sai dai a goge."

Ta juya rikodar a hannunta. Maɓallin ɗauka kaɗai ta sani. Ta tura masa, ta ce ya nuna mata na gogewa.